Darussan da na kwaso daga gonar iri

Ƙarshen watan jiya na ajiye aiki a gonar irin nan ta wajen Zariya. Waɗanda muka sha rana tare sun san dalili.

Ogan namu da kalanda yake feshi. Ko da ƙwari ko babu, ranar da ya rubuta sai leburori sun goya injin. A wurinsa abu biyu ne kawai a gona: wanda aka shuka da wanda za a kashe. Da wake ya fara fure na zaga filin da aka damƙa mini, na ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, jefi-jefi, amma masu cin ta ma sun hallara. Ga jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi da 'ya'yansa a bayan ganye, ga gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin kunya da kunya, ga zanzaro na jigilar tsutsa zuwa ɗakinsa na laka. Na ce, "Yallaɓai, a ɗan ɗaga feshin nan, darɓar ba ta kai a taɓa ta ba." Ya ce, "Malam, ba lacca muka ɗauke ka ka yi mana ba." Aka fesa, da hantsi ma, daidai lokacin da ƙudan zuma ke kan fure.

Darɓa ba ta jiran namiji. Macen 'ya'ya take haifa da ransu, kuma cikin kamar mako guda 'yar ma ta fara tata haihuwar. Shi kuwa jan ƙwaro sai ya saka ƙwai, ya ƙyanƙyashe, ɗan ya ci ya girma, a kwashe makonni. Ɗan nan guda yakan lamushe darɓa ɗaruruwa kafin ya zama babba. To in magani ya share su duka, wa zai riga dawowa? Darɓar ta dawo ta tarar babu mai ce mata kanzil, tururuwa kuma na gadinta saboda ruwan zaƙin da take fitarwa. Ganye ya yi danƙo, ya yi baƙi, ya nannaɗe. Wannan darɓar ce fa ke yaɗa cutar rozet, wadda a 1975 ta cinye gyaɗar kusan hekta 700,000 a Arewacin Najeriya. Tsofaffin manoman Zazzau ba su manta da shekarar ba.

Rahoton da oga ya tura sama cewa ya yi "sakacin jami'in fili". Aka zaftare mini albashi, aka karanta sunana a taron safe a gaban leburorin da suka ji abin da na faɗa masa da kunnensu. Ban ga laifinsu da suka yi shiru ba, kowa da bakunan da yake ciyarwa. Shawarata ga wanda ya gaje ni, duk umarnin feshi ya nemi a ba shi a rubuce, da kwanan wata da sa hannu.

Sauran darussan ba su da tsawo. 'Yan ƙulle-ƙullen da ke saiwar wake ba cuta ba ce, gidan ƙwayoyin da ke sama masa taki daga iska ne. Kada a sare gawo, da damina yake zubar da ganye ya bar wa shuka rana.

Sai wuta-wuta, ciyawar nan da ke kama saiwar masara da dawa tana tsotse su. Irinta kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10, ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwa ke fitarwa. Waken soya da auduga kan yaudare shi ya tsiro, ya rasa inda zai kama, ya mutu. Na rubuta haka game da filin da ke bakin rafi, wanda furenta ya rufe bara. Na ji bana ma masara oga zai sake zubawa a wurin.