Fararen Layukan da Ke Cikin Kuncin Gwaggona

Shekara uku gwaggona ta yi tana cin tuwo da miyar da ba barkono, domin da zarar yaji ya taɓa cikin kuncinta sai ta ji kamar an ɗora mata garwashi. Ranar da na haska mata baki da fitilar waya, na ga fararen layuka sirara sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo a kunci biyu, ga kuma wani jan wuri da ya saɓule a gefen harshe. Likitan haƙori ya yanki ɗan nama aka auna, sannan ya ce mana liken pilanus ne, ciwon da likitan fata na Ingila Erasmus Wilson ya bayyana tun 1869. Ba a ɗaukarsa daga wani. Ƙwayoyin garkuwar jikin mutum ne suke juyowa suna kai wa fatar bakinsa hari, kuma ya fi kama mata da suka manyanta.

Abin da ya hana ni barci ba raɗaɗin ba ne, ɓarnar da ido ba ya gani ce. Kowane tantani na fatar baki, wato ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka gina ta, yana ɗauke da kuromosom 46, inda aka ajiye bayanan gado, kuma duk lokacin da zai rabu biyu sai ya kwafe su baki ɗaya. A wurin da kumburi ya daɗe, ƙwayoyin garkuwa suna fitar da sinadarai masu lalata DNA, wato zaren da bayanan gadon ke rubuce a kansa, ga shi fatar tana ta gaggawar gyara kanta, don haka kwafin yakan zo da kuskure, kamar magatakardan da aka sa shi rubutu dare da rana cikin hayaƙi. Wani lokaci guntun kuromosom yakan karye a bar shi a gefe, ya dunƙule ya zama 'yar ƙaramar cibiya kusa da babbar cibiyar tantanin, inda sauran kuromosom suke. Masu bincike sukan kankaro tantani daga cikin kunci, su rina shi, su ƙirga waɗannan 'yan cibiyoyi a madubin ƙara girma, kuma an sha samun su da yawa a bakin masu wannan ciwo fiye da na masu lafiya. Idan ɓarnar ta shafi ƙwayar gado irin p53, wadda ke kan kuromosom na 17 kuma aikinta shi ne tsayar da tantanin da ya lalace, to an raunana mai gadin ƙofa.

Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ciwon cikin waɗanda ka iya rikiɗewa su zama sankara. Dole in yi adalci a nan: kusan mutum ɗaya ne cikin ɗari hakan ke samu, kuma haɗarin ya fi yawa ga nau'in da ke saɓule fata, musamman a harshe, da masu shan taba ko giya. Ban yarda a tsorata mara lafiya ba, amma ban yarda a sallame shi da maganin shafawa a manta da shi ba.

Maganin shafawar ya kwantar wa gwaggo da zafin, har ta koma cin yaji kaɗan-kaɗan, sai ta ce mini, "Ɗan nan, tunda na samu sauƙi, me kuma zan je yi asibiti?" Na ce, "Gwaggo, zafin ne ya tafi, amma layukan suna nan." Ta yi shiru, sannan ta ce in rubuta mata ranar komawa a kalandar ɗakinta, bayan wata shida, kuma in zo da kaina in kai ta.