Batirin da ke shanye ruwansa a tsohon babur

Babur ɗina tsohuwar Honda ce mai batir ɗin volt 12, wadda na karɓa daga hannun kawuna. Injinta lafiya lau, kik ɗaya take tashi. Matsalarta wuta. Sabon batir ba ya daɗewa sai ruwansa ya ƙafe, kwan fitilar gaba kuwa da ka murɗa totur da dare sai ya yi wani farin haske, can ya tsinke.

Mai wayarin ɗin unguwarmu ko leƙawa bai yi ba, ya ce: "Yallaɓai, batiran yanzu ne ba su da ƙarko." Da gaskiyarsa ta wani fannin, amma batir mara kyau ba ya ƙona kwan fitila. Sai na aro mitar auna ƙarfin wuta.

Awon ba wuya. Babur na kashe, cikakken batir yana nuna wajen volt 12.6. In an tayar aka ɗan ja totur, ya kamata ya tsaya tsakanin 13.5 da 14.5. Nawa ya haye 16, yana ƙara hawa da ƙarar inji. Wato ba caji ake yi wa batirin ba, dafa shi ake yi.

Abin da ya kamata ya tare wannan shi ne rektifaya, ɗan ƙarfen nan mai tsaga-tsaga da ke ƙarƙashin kujera. Aiki biyu yake yi. Wutar da koyil, wato naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin inji, ke bayarwa mai kai-komo ce, shi ke mayar da ita mai tafiya hanya ɗaya yadda batir zai karɓa. Sannan in ta yi yawa, ya zubar da rarar a jikin babur ta koma zafi, shi ya sa aka yi masa tsagogin don ya sha iska. A tsarin Honda, jar waya ta nufi batir, koriya ita ce ta jiki. Da na kwance kusar da ke riƙe da koriyar, sai ga tsatsa da busasshiyar laka sun yi kauri a ƙarƙashinta, wayar kuma silinta biyu-uku kawai suka rage. Rarar wuta ba ta da hanyar fita. Na goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, na sa wa wayar sabon baki, na ɗaure tamau. Mita ta sauko 14 da 'yan kai ta zauna. Rektifayan kuwa ban canja shi ba, shi ne a jiki har yau.

Masu tsofaffin babura na volt 6 su ma su kula. Da yawansu ba su da mai daidaita wuta, batirin kansa ne ke shanye rarar. Ka cire shi ka ce ai kik ya ishe ka, ƙwayayen fitila ne za su biya.

Ruwan batir in ya ragu, tataccen ruwa na musamman na batir (distilled water) ake ƙarawa, ba asid ba, balle ruwan rijiya. Wajen caji kuma na daina kai ƙaramin batir inda ake jona shi da na mota. Mai ƙarfin 5Ah (ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka) cajin rabin amp ya ishe shi, a bar shi ya kwana, murafunsa a sassauce.