Ɗan karkaren da ba ya son wuƙa

Ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya aka tura ni wani ƙaramin asibiti don sanin makamar aiki. Wata safiya wata mata ta shigo da ɗanta mai shekara biyu, babban yatsansa ya kumbura ya yi jawur, yaro sai tsala ihu yake. Ta ce ɗan karkare ne, har maƙwabta sun ce ta kai shi wurin wanzami. Ni ma haka na gani. Jikina na rawa na haɗo kayan tsagawa, don an koya mana cewa mugunya in ta taru a yatsa sai an ba ta hanya.

Babbar sistarmu ta riƙe mini hannu. "'Yata, kin duba bakinsa?"

Ban duba ba. Da muka buɗe, ga ƙuraje a leɓe da dasashi. Ta sa na sake kallon yatsan da kyau: ƙananan ƙuraje ne cunkushe a gefen farce, ruwan cikinsu garai-garai, babu mugunya. Ƙwayar cutar hafis ce, wadda ke fito wa mutum a leɓe bayan zazzaɓi. Yaron mai tsotson yatsa ne, daga bakinsa ta sauka ta shige ta wata 'yar tsagar fata.

Irin wannan ba a tsaga shi. Wuƙa ba za ta fitar da komai ba, sai dai ta buɗe wa wasu ƙwayoyin cuta ƙofa, ta kuma yaɗa wadda ke ciki. Cikin mako biyu zuwa uku yakan bushe da kansa. Likita ya rubuta asaikulobiya, maganin da ke rage ƙarfin ƙwayar hafis, da farasitamol, muka rufe yatsan da bandeji, muka ja wa uwar kunne kada yaron ya murza ido da shi, kada kuma ya taɓa jaririyar da take goye da ita. Sista ta gaya mata gaskiya: ƙwayar takan laɓe a jijiya, tana iya sake fitowa a wuri ɗaya.

Da suka fita sai ta juyo kaina. Ashe da hannu tsirara na buɗe bakin yaron, kuma ta haka ma'aikatan jinya da likitocin haƙori suke kwasar ciwon.

"Je ki wanke hannu da sabulu," in ji ta. "Safar hannu tana cikin durowa, ba don ado aka saye ta ba."

Sai da na yi mako uku ina duba yatsuna kowace safiya.