"Ba komai" ɗin da na faɗa a bakin titi

Har yau idan na tsaya a danja, idona na kan madubi. Ina tsaye ina jiran koriyar wuta wani ya daki motata ta baya. A ido bugun bai kai ya kawo ba: bamba ta lotsa, fitila ɗaya ta fashe, but ya ƙi rufuwa. Mutumin ya fito da waya a hannu yana ta "don Allah Malam ka yi haƙuri, ka ji ciwo?" Na juya wuya hagu da dama, na ce, "Ba komai, lafiyata ƙalau, Allah ya kiyaye gaba." Ɗan sandan da ya zo ya rubuta cewa babu wanda ya ji rauni. Wannan "ba komai" ɗin shi ya ci ni.

Washegari da asuba sai da na tallafo ƙeyata da hannu biyu kafin na ɗaga kai daga filo. Ciwo ya taso daga ƙeya ya sauka kafaɗa, yatsu biyu na hannun dama kuma kamar ana tsira musu allura. Na ce gajiya ce, na yi ta haɗiyar maganin ciwo. Sai a kwana na 9 na je asibiti.

Likita ce ta warware mini. Kan babban mutum ya kai kusan kilo 5, yana zaune a kan ƙasusuwan wuya 7. Idan aka daki mota ta baya, kujera takan ingiza gangar jiki gaba ta bar kai a baya, sai ya fizgu kamar bulala, duka cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Tsoka da jijiyoyi ke shan wahalar, kuma hoton ƙashi ba ya nuna su. Firgici yakan danne zafin na awoyi, wani lokaci har kwana. Ta tambaye ni ina matashin kujerata yake tsayawa. Daidai wuya, na ce. Ashe samansa ya kamata ya yi daidai da saman kai, kuma ya matso kusa da ƙeya. Shekara da shekaru ina tuƙi, ban taɓa taɓa abin nan ba.

Laifi kam ba a yi jayayya ba, don na baya ake fara tuhuma. Mota mai gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa guda, shi ya sa ake cewa a bar tazarar daƙiƙa 3. Shi kuwa idonsa na kan waya.

Amma gyaran mota daban, diyyar rauni daban, ni ban sani ba. Kwana 3 da hatsarin kamfanin inshorarsa ya kira ni da murya mai daɗi, za su biya gyara har da ɗan ƙari, in sa hannu kawai. Lalaci ne ya cece ni, takardar ta yi sati a kan tebur. Da lauya ta karanta sai ta ɗora yatsa a kan wani layi: sa hannu na nufin na yafe duk wata diyya, har ta ciwon da bai bayyana ba tukuna.

Ban sa ba, amma duk da haka sun samu makami. Rahoton ɗan sanda ya ce ba rauni, ni da bakina na ce ba komai, ga giɓin kwana 9. Suka ce wa ya sani ko a wani wuri na murɗe wuyan? Rasit ɗin magungunan farko ma na zubar. Wata 4 ina zuwa gashin wuya da motsa jiki, na rasa ranakun aiki, abin da aka biya ni bai rufe ba.

Da yau ne, hoto zan ɗauka, in karɓi lambar wayar wanda ya ga hatsarin, in ce "sai likita ya duba ni", in wuce asibiti a ranar. Lauyar ta tambaye ni, "Malam, wa ya tambaye ka hukunci a bakin titi?" Har yanzu ban samo mata amsa ba.