Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Fitilar Da Na Ɗaura Wa Keken Gona

Makon jiya na tsaya ne a inda ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, ya miƙa mini garkenmu da ke bayan Kware, ta hanyar Illela. Shanu goma sha bakwai ne, galibinsu Bokolo, sai kuma Kawu da yake kiwonsu tun ban san kaina ba. Ba ƙanin mahaifiyata ba ne, Bafulatani ne da zama ya mayar ɗan gida, kuma ban taɓa kiran sunansa ba.

A hunturun ƙarshen 2021 na yi asarar farko. Wata karsana ce mai cikin fari, naƙuda ta kama ta da tsakar dare. Kawu ya kira ni, na taho daga Sakkwato a keken kaya mai ƙafa uku da muke ɗaukar harawa da dusa. Fitilarsa ɗaya ce, gaba kawai take kallo, kuma da ka sassauta mai sai ta dushe kamar aci-bal-bal. Muka koma kan tocilan waya. Ni na riƙe, Kawu yana lalube a duhu, sanyi yana dukanmu. Sai can muka gane maraƙin da baya ya taho. Kafin mu ciro shi ya riga ya mutu. Uwar ta rayu, amma na daɗe ina ganin wannan dare a idona, domin na tabbata da mun ga kofatan da wuri da an nemo malamin dabbobi tun da sauran lokaci.

Washegari na shiga kasuwa na sayo fitilu biyu masu kusurwa huɗu, irin na LED, kowace wat 18. Da zumuɗi na murɗe wayoyinsu da hannuna, na haɗa kai tsaye da batir, na ɗaure su da roba a saman rumfar direba. Ranar ko fiyus ban sa ba. Daren farko na isa garke na kunna su gaba ɗaya a fuskar shanun. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Suka zabura, bijimin ya tsinke igiya, maruƙa suka rikice a dangwali suna kuka. Kawu ya fito daga bukka da sanda yana cewa, "Kashe ta! Kashe wagga wuta, ɗana, mi kaka yi haka?" Muka kwana muna tattaro dabbobi, ni kuma na manta fitilun a kunne a gefe, da asuba batir ya mutu murus. Da turi muka tayar da keken.

Baba bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce shi ne, "Kahin ka sake kunna ta, ka tahi ka hwaɗa ma mai unguwa." Nan na ga wautata ta biyu. Shekarar ce aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar saboda 'yan bindiga, mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo ba sa barci da ido biyu, kuma tsoron ya iso har wajenmu. Haske mai ƙarfi yana yawo a daji ƙarfe biyu na dare, duk wanda ya hango shi ba alheri zai fara zato ba. Na je na gaida mai unguwa, na nuna wa masu sintiri keken da rana, suka san shi, suka san ni.

Daga nan na kai shi wurin wani mai rewaya, dattijo mai haƙuri. Da ya ga aikina ya girgiza kai, ya ce Allah ne ya tsare ban ƙone keken da harawar da ke kansa ba. Ya zaunar da ni ya yi mini lissafi a ƙasa da tsinke: wat 36 a kan batir mai bolt 12, amfiya 3 ke nan ake ja kullum fitilun suna ci. Koyil ɗin ƙaramin inji ba ya mayar da caji sosai idan yana tsaye a silo, don haka dole in riƙa kashe wadda ba na buƙata. Ya sa fiyus dab da kan batir, yadda ko waya ta goge a jikin ƙarfe shi ne zai tsinke kafin wuta ta tashi. Ya bi da layin ta makullin keken, da na zare makulli komai ya mutu, ba sauran mantuwa. Kowace fitila ya ba ta makunninta daban, ya zura wayoyin cikin tiyo saboda ɓera da ruwan damina.

Inda za a kafa su ne ya fi ba mu wahala, kuma nan na fi koyon abu. A saman rumfa, idan ƙurar hunturu ta sauka, hasken yakan dawo maka cikin ido, ka ga farin bango kawai a gabanka. Sai mai walda ya sauko da ɗaya ƙasa, kusa da tayar gaba, muka rufe ta da ruwan ɗorawar leda mai kauri. Ita ce ta hanya, tana nuna rami da kututture da maciji. Ɗayar kuma ya yi mata sandar ƙarfe a gefen bodi, mai juyawa da hannu. Kawu ne ya tsara yadda za a yi amfani da ita. Ya ce in kashe inji tun daga nesa, in yi gyaran murya, in kira shanun da irin kiran da suka saba ji, sannan in kunna fitilar tana kallon ƙasa, in ɗaga ta a hankali ta gefensu. Kada a taɓa dalla wa saniya ita a ido.

Da haka na koyi karanta garke da dare. Idanunsu sukan yi ƙyalli kore-kore, sai in ƙirga su bibbiyu daga inda nake zaune. Wadda ta kwanta tana tuƙa lafiyarta lau. Wadda ta ware kanta, tana tashi tana kwanciya, tana ɗaga wutsiya, haihuwa ta kusa. Wadda gefen hagunta ya cika ya yi tauri kamar ganga kumburi ne, ba a jiran safiya da shi. Waɗannan duk Kawu ya san su shekara da shekaru, da kunne da hanci yake gane su. Ni da na tashi a birni sai da na gani da ido.

Cikin watan Fabrairu wata babbar saniyar Baba, wadda ya fi so, ta fara naƙuda bayan sallar isha'i. Na matso da keken, na juya fitilar gefe. Muka ga kofato biyu sun leƙo, tafinsu yana kallon ƙasa, hanci yana biye. Kawu ya ce, "Daidai ya taho, bar ta ta yi abinta." Muka koma bakin wuta muka zauna. Ba a yi awa ɗaya ba ta sauke maraƙi namiji, ta shiga lasarsa, muka tsaya har ya miƙe ya kama nono ya sha dakashi. Na ɗauki hotonsa a cikin wannan haske, da asuba na kai wa Baba a kan gadonsa. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya tambaye ni nawa na kashe a kan fitilun, ya ce in ɗauka a kuɗin nono.

Wannan maraƙin ne daga baya ya jawo saɓanin da ya shiga tsakanina da yayana a kan sayar da shi a kasuwar Achida. A nan zan ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.