Godiya bayan zagayen karatun itatuwa a kurmin Okomu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ɗalibanmu na fannin gandun daji sun dawo gida lafiya daga kurmin Okomu a jihar Edo, inda aka kwana uku ana koyon gane manyan itatuwa ta gindinsu. Mu malaman da muka raka su muna miƙa godiya ga ma'aikatan gandun da suka shige mana gaba cikin ruwan sama da taɓo, da dattijon da ya riƙa faɗa mana sunan kowane itace da harshen mutanen wurin, da direbobinmu, da iyayenmu mata da suka yi ta fama da ɗanyen itace don a ci abinci da zafinsa. Iyayen yara kuma, mun gode da amanar da kuka ba mu. Allah ya saka da alheri.

Waɗanda ba su samu zuwa ba sun roƙi a rubuta musu abin da aka koya, to ga shi.

A kurmi ganye yana can sama, mita 30 ko fiye, ido ba ya kai masa, shi ya sa ake fara karatu daga ƙasa. Abincin ƙasar kurmi a saman-sama yake, don haka saiwa ba ta nitsewa sosai, sai ta bazu, ta tashi jikin gindi kamar katanga tana tokare itacen. Duk wanda ya san rimin Zariya ya san wannan siffa. Amma katanga kaɗai ba ta faɗin suna. Ranar farko kusan duk itacen da ɗalibai suka gani da ita sai su ce rimi ne, kuma sau da yawa ba shi ba ne.

Katangar rimi kauri gare ta, takan wuce tsayin mutum nesa ba kusa ba, kuma ƙaramin rimi na da ƙaya a jiki. Ganyensa kamar tafin hannu yake, 'yan ganye 5 zuwa 9 kowanne a rabe, sun haɗu a kan sanda ɗaya. Obece, wanda masu katako suka fi sani, shi ma ganyensa kamar hannu ne, sai dai ganye ɗaya ne mai yatsu, irin na kuɓewa, ba shi da ƙaya, bakin katangarsa kuma siriri ne. Afara ɗan'uwan baushenmu ne: rassansa hawa-hawa suke a kwance, ganye a cure a bakin reshe, 'ya'yansa masu fiffike biyu. Idan katanga ta yi siriri kamar allo tana lanƙwasa a ƙasa, ga ganye ƙanana irin na ɗorawa, a nemi kiryar kurmi. Loko kuwa da wuya ya yi doguwar katanga. Saiwarsa kwanciya take bisa ƙasa, in an ɗan kankare sai a ga launin ruwan goro, ɓawon kuma ya tsatso da farin ruwa kamar nono.

Akwai kuma masu ƙafafu, waɗanda gindinsu ke rataye a kan saiwoyi har a hango haske ta ƙarƙashi. A bakin rafi mafi yawa dangin kafafago ne, saran jikinsu ja. A tsohuwar gona ko gefen hanya kuwa itacen laima ne, mai faffaɗan ganye a zagaye. Kada a haɗa su da dangin ceɗiya, su saiwarsu daga sama take saukowa ta naɗe wani itace. Kada kuma a ɗauki saiwar da zaizaya ta tone a matsayin katanga: ita zagayayya ce kamar igiya, kuma za a ga alamar inda ƙasa take a da a jikin gindin.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsintar ganye a gindin itace a ce nasa ne, alhali na maƙwabcinsa ne iska ta kawo. A zagaya gindin a tattara ganye kamar 10, a ga wanda ya fi yawa, sannan a ɗaga kai a gwada da na sama. Saran ɓawo kuma kada ya wuce tsawon ɗan yatsa, da izinin ma'aikacin gandu, a duba launi a shinshina nan take, don iska na taɓa shi yake sauya launi.

Wajen awo, ƙa'ida ita ce mita 1.3 daga ƙasa. In katanga ta kai nan, a sa tsani a auna santimita 50 sama da inda ta ƙare, a shafa fenti a wurin, a rubuta tsayin a littafi. Wanda ya zagaya tef bisa katanga zai iya ninka kaurin itacen, lissafin katakonsa duka ya lalace. Kuma kafin a sa ƙafa a lungun katanga a fara bubbuga shi da sanda, macizai da rina na son wurin.

Ɗalibai, a kawo littattafan awo ranar Litinin. Ganyen da aka matse a jarida a riƙa sauya masa takarda kullum har ya bushe, in ba haka ba fumfuna zai cinye shi.