Mako Biyu a Oman, Inda Ake Gadon Ruwa Kamar Gona

Kwana huɗu ke nan da dawowata daga Oman, kuma har yanzu ban gama kwance kaya ba, balle in zauna in tsara abin da na rubuto. Abin da ya kai ni shi ne binciken da nake yi a kan yadda al'ummomin busassun ƙasashe suke raba ruwan noma, binciken da ya samo asali daga rigimar da na sha gani a yankin Kadawa tsakanin manoman da ke bakin magudana da waɗanda ke can ƙarshenta. Na karanta abin da Baturen Ingila John Wilkinson ya wallafa a 1977 a kan ruwa da zaman ƙabilu a Oman, sai na ƙudurta zuwa in gani da idona.

A Maskat, babban birnin ƙasar, kwana biyu kawai na yi, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tsada. Riyal ɗaya nasu ya haura dala biyu da rabi, saboda haka duk lokacin da aka faɗi kuɗin abu sai in ji shi kaɗan a kunne, in na juya shi zuwa naira kuma sai gabana ya faɗi. Direban da zai kai ni Nizwa, tafiyar kilomita kusan 160, ya fara da riyal 40. Na yi masa irin cinikin Kantin Kwari, na juya baya kamar zan tafi, bai ko ɗaga murya ba, sai ya yi murmushi ya sallama a 28. Muna hanya ya fara yi mini magana da Suwahili, ya kuma yi mamakin da na ce ban ji ba, domin a wajensa duk wanda ya fito daga Afirka ɗan Zanzibar ne. Ban ga laifinsa ba, tunda sarakunan Oman sun mulki tsibirin har suka mayar da fadarsu can a ƙarni na 19, kuma gidaje da yawa a Maskat har yau da wannan harshe suke hira.

Tsarin da na je gani sunansa falaj, jam'insa aflaj. Ana haƙa rijiya a gindin dutse har a tarar da ruwa, sannan a yi masa hanya ta ƙarƙashin ƙasa mai ɗan gangare, ya riƙa tafiya da kansa har ya ɓullo a gari, ba inji, ba fetur, ba jigo. Akwai kimanin 3,000 da ke aiki, kuma a 2006 hukumar UNESCO ta sa biyar daga cikinsu a jerin kayan tarihi na duniya, ciki har da Falaj Daris na Nizwa da Falaj Khatmain na Birkat al-Mauz. Irin wanda ake haƙowa daga ƙarƙashin ƙasa suna kiransa Dawudi, saboda labarin da suka gada cewa Annabi Sulaimanu ɗan Dawuda ne ya sa aljanu suka haƙa su. Masu tonon kayan tarihi suna da nasu lissafin, amma ban ga manomin da ya damu da shi ba.

A Birkat al-Mauz na gamu da dattijon da ya zame mini mai masauki, wanda ya daɗe yana cikin masu kula da rabon ruwa. Bayan sallama ya tambaye ni ko akwai labari, kuma an riga an koya mini cewa amsar ita ce babu komai, ko da kuwa gari ya kama da wuta, kamar dai namu "sai alheri". Ya zaunar da ni a zaurensa, aka kawo dabino da halwa, kakar alewarmu ta wajen suna, da gahawa mai ɗaci a ɗan ƙaramin kofi. Na sha har kofi biyar kafin ya yi dariya ya ce, "Malam, in ka ƙoshi girgiza kofin ake yi, in ba haka ba yaron nan ba zai daina zuba maka ba har magariba."

Washegari ya bi da ni bakin magudanar tun daga inda ruwan ya fito. Wuri na farko na sha ne, kowa yana da haƙƙin ɗiba, baƙo da ɗan gari. Daga nan ruwan ya bi ta masallaci da wurin wanka, sai a ƙarshe ya shiga lambuna, inda dabino ke sama, ayaba da lemun tsami a inuwarsa, ciyawar dabbobi a ƙasa. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne cewa mutum ba ya mallakar yawan ruwa, lokaci yake mallaka. Yini da dare kowanne badda ɗaya ne, kowace badda kuma athar 24 ce, wato kimanin rabin sa'a kowace ɗaya. Wanda yake da athar uku, idan zagayen ya iso kansa, sai a toshe hanyar maƙwabci da dutse da tsumma a buɗe tasa. A da, da rana inuwar sanda ake dubawa a kan zane a ƙasa, da dare kuma fitowar taurari. Da ya ambaci Surayya na ce masa mu Kaza da 'Ya'yanta muke kiranta, sai da ya sa na maimaita masa sau uku. Yanzu mafi yawa agogo suke bi.

Wannan lokacin ruwa ana gadonsa, ana sayar da shi, ana yin wakafi da shi ga masallaci, kuma akwai kason da na falaj ɗin ne kansa, wanda ake yin gwanjonsa, wakili mai kula da falaj ɗin ya riƙe kuɗin domin yashe hanya da gyara. A nan ne na yi shiru. Madatsar Tiga ta fi kowane falaj ruwa nesa ba kusa ba, amma idan kwalbati ya toshe a wajenmu kowa gwamnati yake jira, domin ba wanda yake jin ruwan nasa ne. A ganina haƙan ramin ba shi ne gwanintar mutanen nan ba, gwanintarsu tana cikin littafin wakili, wanda ya san rabon kowane gida.

Wannan littafi ne ya jawo mini ɓacin rai ɗaya tilo da na samu. An kwatanta mini wani ɗakin ajiye tsofaffin rubuce-rubuce inda ake da irin waɗannan takardun rabo, na je da wasiƙar jami'armu, amma ma'aikacin da ke bakin tebur bai amsa sallamata da kyau ba, ya jujjuya fasfona kamar mai neman aibi, ya ce in dawo gobe. Goben ya ce wanda zai sa hannu ba ya nan. Da na ba dattijona labari ransa ya ɓaci fiye da nawa, ya ɗauko kwafin tsohon littafin gidansu ya ce in ɗauki hoton duk shafin da nake so.

Ranar Juma'a da asuba na leƙa kasuwar dabbobi ta Nizwa, a gefen ganuwar da Imam Sultan bin Saif ya gina a ƙarni na 17. Masu saye suna tsaye a da'ira, masu sayarwa suna zagayawa da awaki a tsakiya suna faɗin farashi, kuma kafin hantsi an watse. Duk kasuwar ba ta kai kusurwa ɗaya ta karar Wudil ba, amma kuɗin akuya ɗaya a can zai saya maka biyu a gida.

Dutsen Jabal Akhdar na hau shi a yini ɗaya, kuma ba a barin mota ta wuce shingen sai mai jan ƙafa huɗu. Lokacin furen wardi ya wuce, sai itatuwan rumman a kan matakalar gonaki. Garin Bahla kuwa, wanda ya yi suna wajen ginin tukwane, tukwanensa kawai na gani ta tagar mota. A ranar tafiyata dattijon ya aiko ɗansa da kwali biyu na dabinon khalas, wanda ya sa kayana suka haura kilo a filin jirgi, na biya riyal 12 ban ce uffan ba.